Haƙuri Da Agogon Cikin Kai

Mu kan ce haƙuri maganin zaman duniya ne. Da wannan magana aka rene mu, da ita kuma mu ke renon 'ya'yanmu. Yaron da ya zauna shiru a aji, ko a bencin sujada, har aka tashi, mu kan ce yana da hankali. Wanda ya dinga mutsu-mutsu, yana leƙen ƙofa, yana tambaya ko an kusa gamawa, mu kan harare shi, in ya ƙi ji kuwa bulala ta biyo. Amma ga wani abu da ya kamata mu sani. Likitoci a Amurka da Turai suna da wata ƙwayar magani ƙarama, a kan haɗiye ta da ruwa da safe, wadda ta kan sa irin wannan yaro ya zauna bisa aikinsa har ya gama. Miliyoyin yara suna shanta. To, idan ana iya ƙara wa mutum haƙuri daga cikin kwalba, menene mu ke yabo sa'anda mu ke yabon mai haƙuri? Menene kuma mu ke horo sa'anda mu ke dukan marar haƙuri? Tambayar ba ta wasa ba ce, gama a jikin yara amsarmu ta kan ƙare.

Bari mu fara da lokaci kansa, domin haƙuri jira ne, jira kuwa da lokaci a ke auna shi. Kowa ya sani wata sa'a ta fi wata tsawo. Sa'a guda a layin ɗakin magani, da yaro marar lafiya a baya, ta fi yinin biki duka. Wa'azin minti 40 ya kan wuce wa wani kamar ƙiftawar ido, ga wanda ke zaune kusa da shi kuwa kamar tafiyar Jos zuwa Kano a ƙasa (masu wa'azi su yi mana gafara). Agogon bango bai sāke tafiyarsa ba. Ashe akwai agogo na biyu a cikinmu. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya yi dogon tunani a kan wannan wajen shekara ta 400. Ya ga abin da ya wuce ba shi kuma, abin da ke zuwa bai iso ba tukuna, na yanzu kuwa ba shi da faɗin da za a auna. Sai ya kai ga cewa a cikin ransa ya ke auna lokaci, da tunawa, da lura, da sa rai.

Bayan shekaru fiye da 1,500 wani masani na Amurka, Hudson Hoagland, ya gane cewa agogon nan na ciki yana da ƙafa a cikin nama da jini. Matarsa na kwance da zazzaɓi, ya fita sayo mata magani. Bai daɗe ba, amma da ya komo ta yi ƙorafi ya bar ta lokaci mai tsawo. Maimakon ya yi gardama, sai ya ɗauko agogo ya ce ta ƙirga 60, kamar yadda ta ke jin sakan yana tafiya. Ya yi ta maimaita wannan cikin kwanakin ciwonta, ya tarar duk sa'anda zafin jikinta ya hau, ƙirgarta ta kan yi sauri. Ya buga labarin a 1933. Mu riƙe wannan da kyau, gama sauran maganar a kansa ta ke: wanda agogonsa na ciki ke gudu, duniya ce ta ke yi masa nawa. Matar ba ƙarya ta yi ba, ba kuwa raki ba ne. Ta jira fiye da yadda mijinta ya daɗe.

Abin da zazzaɓi ya yi, magani ma yana iya yi. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86. Ba a manne su ke da juna ba, akwai ɗan rata tsakaninsu, saboda haka da ɗigon sinadari su ke aika wa juna saƙo. Biyu daga cikin sinadaran nan su ne abin maganarmu. Ɗaya sunansa noradirenalin, shi ke riƙe mutum a farke. Ɗayan dofamin, aikinsa kamar na dillali ne a kasuwa, shi ke gaya wa mutum cewa wannan abu ya cancanci wahala, a tsaya a kansa. Idan saƙo ya isa, jijiyar da ta aiko shi ta kan kwashe ragowar sinadarin ta mai da shi gida. Maganin da a ke sayarwa da sunan Ritalin yana toshe ƙofar komawa, sai sinadarin ya daɗe a waje yana magana. Amfetamin ya fi shi ƙarfin hali, gama ban da toshe ƙofa ya kan turo ƙari daga ciki.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Kakanninmu fatake sun yi ta tafiyar watanni zuwa Gwanja domin goro, mai gadi da direban babbar mota kuwa sun san amfaninsa da tsakar dare. Abin da ke cikin goro shi ne kafeyin, wanda ke cikin shayi da kofi. Hanyarsa dabam ce. Muddin mutum yana farke wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne manzon da ke kawo labarin gajiya. Kafeyin ya kan zauna a kujerar da manzon zai zauna. Gajiyar tana nan yadda ta ke, labarinta ne bai iso ba. Magungunan likita sun fi goro ƙarfi nesa, amma wanda ya gane goro ya kama hanyar gane su.

Yadda aka fara ba yara maganin abin mamaki ne. An fara haɗa amfetamin a Balin ta Jamus a 1887, aka ajiye shi shekaru da yawa ba a san amfaninsa ba, sa'an nan aka shiga sayar da shi a Amurka da sunan Benzedrine, domin toshewar hanci. A 1937 wani likita, Charles Bradley, yana lura da wani gidan jiyya na yara masu wuyar hali a jihar Rhode Island. Ya ba yara 30 Benzedrine. Wajen rabinsu suka sāke a makaranta tun ranar farko: suka zauna, suka kama lissafi da marmari, har yaran da kansu suka sa wa maganin suna ƙwayar lissafi. Bradley ya yi mamaki ƙwarai, gama maganin hana barci ne ya sa masu tsalle-tsalle suka natsu. Ritalin ya zo daga baya. Leandro Panizzon ya haɗa shi a birnin Basel na Suwizalan a 1944, ya sa masa sunan matarsa Rita.

To, yaya maganin ya ke taɓa agogon ciki? A nan ɓeraye suka yi wa masana aiki. A 1981 Russell Church da abokan aikinsa a Amurka suka koya wa ɓeraye cewa idan alama ta kunnu, bayan wani ɗan lokaci ƙayyadadde za su sami abinci in sun taka wani ƙarfe. Ɓera ya kan koyi wannan sarai, ya jira, ya tsananta takawa daidai lokacin. Da aka ba su ɗan'uwan amfetamin, watau metamfetamin, sai suka riƙa takawa da wuri, da wajen kashi 1 cikin 10 na lokacin. Agogonsu ya yi gudu kamar na matar Hoagland. Maganin da ke danne dofamin kuwa ya sa sun makara. Warren Meck, wanda ya yi aiki tare da Church a Jami'ar Brown, ya ga wani abu da ya fi wannan ban tsoro a 1983. Idan aka ci gaba da ba ɓera maganin kullum, ya kan saba da sabon agogon, ya koma yin daidai. Ran da aka janye maganin sai ya karkata ɗaya gefen, ya riƙa makara. Watau dabbar ta mai da agogon magani shi ne gaskiyarta, har nata na asali ya zama mata baƙo.

Amma maganar ba ta tsaya nan ba. A 2016 Joseph Paton da mutanensa a Lisbon ta Fotugal suka zuga jijiyoyin dofamin kai tsaye a ƙwaƙwalwar ƙananan ɓeraye, sai dabbobin suka ɗauki lokacin da ya wuce bai kai yadda ya ke ba. Wannan kishiyar na farko ne, masana kuwa suna ta muhawara a kan yadda za a daidaita su biyu. A ganinmu akwai abu biyu da a ke haɗawa. Akwai saurin agogon, akwai kuma yawan dubansa. Mai jiran tukunya ta tafasa idonsa na kan lokaci, don haka ya ke jin nauyin kowane minti. Mai saƙar tabarma da ya ke so hankalinsa na kan kaba, sai ya ɗaga kai ya ga rana ta yi yamma. Nora Volkow ta nuna wani abu kusa da wannan a 2004, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ta ba manya masu lafiya maganin nan na Ritalin, ta sa su lissafi. Dofamin ya ƙaru, su kuwa suka ce lissafin ya fi ba su sha'awa. Lissafin bai sāke ba. Dillalin ne ya ɗaga farashinsa.

Yanzu mu komo wurin yaron da ke leƙen ƙofa. Ba kowane yaro mai ƙiriniya ne marar lafiya ba, yawancinsu ƙuruciya ce kawai. Amma wajen 5 cikin 100 na yaran duniya suna da wani hali da likitoci ke kira da haruffan ADHD, mu ce da shi ciwon rashin natsuwa. Cikin alamunsa har da rashin iya auna lokaci. Idan aka kunna musu fitila na 'yan sakan aka ce su maimaita tsawonta, su kan yi kuskure fiye da tsaransu. Jira ya kan yi musu ɗaci ainun, har su kan zaɓi ƙaramin lada yanzu su bar babba na an jima. Russell Barkley, wanda ya daɗe yana nazarinsu, ya kira wannan makantar lokaci. Katya Rubia a Landan ta nuna a 2009 cewa sa'anda irin yaran nan ke ƙoƙarin bambanta gajeren lokaci da dogo, wasu sassa na ƙwaƙwalwarsu ba su tashi aiki kamar na sauran yara, maganin kuwa ya kan matso da su kusa da na sauran.

A nan tambayarmu ta farko ta ke cizo. Yara biyu suna zaune a benci ɗaya, wa'azi ɗaya, minti 40 ɗaya. Mun ɗauka kaya ɗaya muka ɗora musu, ɗaya ya ɗauka, ɗaya ya yar. Amma in agogonsu na ciki ba ɗaya ba ne, to kayan ma ba ɗaya ba ne. Mai yiwuwa wanda ya yi mutsu-mutsu a minti na 30 ya riga ya yi haƙurin da ya fi na wanda ya zauna shiru har ƙarshe. Mu kan auna haƙuri da abin da ido ya gani, watau zaman shiru, alhali haƙuri na gaske shi ne nauyin da mutum ya jure, wannan kuwa ba shi a fuska. Lalle ba mu ce a daina horon yara ba. Yaron da ba a koya masa jira ba zai sha wuya a gona, a kasuwa, a gidan aure. Abin da mu ke cewa shi ne bulala tana iya gyara gangancin yaro, ba ta kuwa iya gyara agogonsa. Wanda aka yi ta duka saboda abin da ba shi da iko a kansa, abu ɗaya ya kan koya, shi ne cewa shi mugu ne, da yawa kuma su kan girma su gaskata haka.

Wani zai ce, “To, ai haƙurin da aka sayo a kantin magani ba haƙuri ba ne, yaudara ce.” Akwai nauyi cikin wannan magana, kada mu yar da ita da sauri. Bradley da kansa ya lura cewa ran da aka daina ba yaran maganin, kyawun halin ya kan tafi tare da shi. Ritalin na yau da kullum sa'a 3 ko 4 ya ke aiki. Halin da ke ƙarewa da azahar, za mu kira shi hali? Duk da haka mu dubi mai tabarau. Ba wanda ya ke cewa karatunsa na ƙarya ne domin in ya cire tabarau ba ya gani. Tabarau bai karanta masa ko harafi ɗaya ba, ya dai kawar da hazon da ya raba shi da sauran masu karatu. Haka maganin ya ke ga mai ciwon nan. Yana rage tsawon jiran har ya kai wanda ɗan adam zai iya ɗauka, ɗaukar kuwa ta yaron ce. Kuma abin da ya koya cikin sa'o'in nan, karatu ne ko sana'a ko zama lafiya da tsaransa, ba ya narkewa da azahar. Ba kyauta maganin ya ke zuwa ba: ya kan rage cin abinci, ya kan hana barci, ya kan ƙara bugun zuciya, don haka likita ne kaɗai ya isa ya ba da shi, yana kuma auna yaron a kai a kai.

Maganar ta sha bamban ga mai lafiya wanda ya ke haɗiyar ƙwaya domin ya saci sa'o'i daga dare. A nan mu ke da tsoro sosai. Tsakanin Afrilu da Yuli na 1940 aka aika wa sojojin Jamus ƙwayoyin metamfetamin wajen miliyan 35, mafi yawa da sunan Pervitin, domin su kutsa cikin Faransa ba barci. Sun yi tafiyar, amma jiki ya karɓi bashinsa daga baya, wasu suka kamu da jarabar abin, har a 1941 hukumar Jamus ta sa shi ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi. Ɗaliban jami'a a Amurka sun daɗe suna yin irin wannan a daren jarrabawa, da ƙwayoyin da su ke karɓa daga abokai. A 2013 Martha Farah da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania suka gwada matasa masu lafiya, wani lokaci da amfetamin, wani lokaci da ƙwayar banza mai kama da ita. A yawancin gwaje-gwajen maganin bai ƙara musu kome ba, amma sun gaskata ya ƙara. A 2023 aka buga wani gwaji daga Melbon ta Ostareliya, na mutum 40. An ba su aiki irin na mai loda buhu: ga kaya iri iri, kowane da nauyinsa da darajarsa, zaɓi waɗanda za su fi riba ba tare da buhun ya wuce nauyi ba. Da suka sha maganin sai suka fi daɗewa a kan aikin, suka fi yawan sa wannan a cire wancan, amma zaɓinsu bai fi kyau ba, waɗanda suka fi gwaninta da can ma sai suka ja baya.

Wannan shi ne haɗarin da ba a cika faɗa ba. Maganin yana taɓa ainihin mudun da mutum zai auna amfanin maganin da shi. Wanda ya sha yana jin dare ya yi gajere, aiki ya yi daɗi, kansa ya yi kaifi, kuma da gaske ya ke jin haka. Amma shaidarsa a kan kansa ta raunana, kamar ta alƙalin da aka kai wa gaisuwa kafin shari'a. Ku tuna da ɓerayen Meck da suka saba. Mai shan ƙwaya kullum ya kan kai inda ranar da bai sha ba ita ce ke yi masa kamar ciwo, sa'o'inta ba su motsi, aikin da ya saba yi da can ba taimako ya zama dutse. Sai ya ce ba ya iya aiki sai da ita, ya manta cewa ita ce ta sāke masa agogo. Saboda haka mai irin wannan hali yana bukatar shaida daga waje: matarsa, ko maigidansa, ko littafin da ke nuna aikin da ya fita daga hannunsa da gaske. Rana ba ta ƙarya, amma sai wanda ya fito waje ya ke ganinta.

Akwai kuma abin da ƙwaya ba ta taɓa yi wa kowa ba, mai ciwo ko mai lafiya. Tana iya sa mutum ya manne wa aiki, ba ta zaɓa masa aikin. Dillalin nan dofamin ba ruwansa da ko kayan na kirki ne. Ɗalibin da ya sha domin karatu, in hannunsa ya fara faɗawa kan wayar salula, a kanta zai kwana da himma duka. Ko da an daidaita agogon kowa ya zama ɗaya, tambayar me ya cancanci a jira, da wa ya cancanci a ba shi sa'o'in rai, tana nan inda ta ke, iyaye da malamai kuwa ba su sami hutu daga koyar da ita ba.

Ga iyayen da ke da irin yaron nan a gida, akwai abin yi tun kafin a kai ga maganar likita. Na fari a dubi barcinsa. A ƙarshen 2025 masu bincike na Jami'ar Washington a birnin St. Louis suka buga nazarin hotunan ƙwaƙwalwar yara fiye da 5,000. Sun tarar maganin ya fi taɓa sassan farkawa da na marmarin lada, kuma a hoto aikinsa ya yi kama da na barci mai kyau, har yana ɓoye alamun rashin barci. Su da kansu suka yi kashedi cewa yaron da barci bai ishe shi ba yana iya kama da mai ciwon rashin natsuwa, alhali barci ne maganinsa. Yaron makarantar firamare yana bukatar sa'a 9 zuwa 12 kowane dare. Na biyu, tun da shi ke agogonsa na ciki ba abin dogara ba ne, a ba shi na waje wanda zai gani da ido. Kada a ce masa “an jima”, gama kalmar ba ta da gindi a kunnensa. A ce masa idan inuwar bango ta kai turmi, ko idan dogon hannun agogo ya hau 6. A yanka masa aiki gunduwa-gunduwa, kunya 2 a gona sa'an nan ya sha ruwa, layi 5 a allo sa'an nan ya miƙe ƙafa. A aji kuwa malami ya zaunar da shi a gaba, nesa da taga, ya riƙa aikensa share allo ko raba littattafai kafin ƙafarsa ta fara rawa.